Famfon da Ba a Auna Ba

Lurwanu, ajiye wayar nan ka saurare ni. Tun da aka sa ka cikin masu ba kamfani shawara na ga kana ɗaga kafaɗa. To bari gwaggonka ta ba ka misali, ka yi guzuri da shi.

An yi wani kamfani mai ƙera na'urar gano guba a ruwa. Ka ɗiga mata ruwa, in lafiyayye ne ta kunna kore, in da guba ta kunna ja. Mai kamfanin yana da mashawarta biyu: wata malamar kimiyya mai digiri uku da baki kamar reza, da wani dattijon ɗan kasuwa da ya shekara talatin yana awon hatsi kafin Allah ya buɗa masa. Ba sa ga maciji da juna. Ita gani take ba abin da ya sani sai ciniki, shi kuwa gani yake ilimi ya toshe mata kunne. Ana nan, sai yaran wata unguwa da ke bayan masana'antun fata suka yi ta fama da ciwon ciki da ƙuraje. Aka zargi rijiyar unguwar, aka rufe ta da murfin ƙarfe da kwaɗo. Wata huɗu mata suna cin doguwar tafiya da jarka a ka. Da aka yashe rijiyar, sai aka kawo wa kamfanin ruwanta ya auna. Sau bakwai ana ɗigawa, sau bakwai na'ura tana kunna kore. Malama ta sa hannu a takarda, mai unguwa ya sa aka yi shela cewa ran Juma'a, da an sauko daga masallaci, za a buɗe kwaɗo.

Ran Juma'ar da hantsi suna zaune a taro, takarda ta riga ta tafi, sai dattijon ya tambayi yadda na'urar take sanin ruwa mai kyau. Aka ce masa kullum da safe ana saita ta da tsabtataccen ruwa, shi ne ma'auninta, duk ruwan da ya yi daidai da shi ta ba shi kore. Ya ce daga ina ake samo shi? Aka ce injin tace ruwan ya lalace tun bara, daga famfon tsakar kamfani ake ɗiba, burtsatse ce mai zurfi, ba a taɓa jin kanta ba. Ya ce shi kuma wa ya auna shi? Aka ce na'urar mana. Sai ya gyara zama, ya ce, "Malama, a kasuwa ba a gwada mudu da kansa. Na maƙwabci ake arowa." Wayyo, sai ka ce ya zuba mata barkono. Ta ce yau kuma mai awon gero ne zai koya mata aikinta? Mai kamfani ya shiga tsakani, yana tsoron kada a ji a gari cewa sun yi shakkar kayansu. Dattijo ya ce shi aka ɗauko don ya tsare sunan kamfanin, kuma ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai tashi daga kujerar nan ba sai an gwada. Don ta kunyata shi kawai ta aika aka sayo tataccen ruwa na kwalba, irin na asibiti, wanda ba a ɓalle murfinsa ba. Ta saita na'ura da shi. Ta ɗiga ruwan famfonsu. Ja. Ta ɗiga sauran ruwan rijiyar. Ja wur. Ashe gubar da ta ci rijiyar unguwa ta daɗe da ratso ƙasa ta iso ƙarƙashin ƙafarsu, su kuwa suka koya wa na'ura cewa wannan shi ne tsabta.

Sai ga muryar ladan. Aka kira mai unguwa, wayarsa a kashe, ya shiga masallaci. Suka faɗa mota, suka tarar an tare titi, sahu ya cika shi. Malama ta fita, ta cire takalmi ta riƙe a hannu, mace mai jikoki, ta bi lungu da gudu gyale yana jan ƙasa. Ko da ta isa an idar da salla, an buɗe kwaɗo, guga ya fito, mata suna guɗa. Wata ta cika moɗa ta kai bakin 'yar da ke kwankwasonta. Malama ta kai hannu ta make moɗar, ruwa ya watse a ƙasa. Numfashi bai bar ta ta yi magana ba, sai ta fizge takardar daga hannun mai unguwa ta yaga a gaban jama'a. Ta sha zagi ranar, kuma ta cancanta. Suka koma kamfani. Kwaɗo dattijon ya aika aka sayo, ya miƙa mata, ta rufe famfon da suka shekara suna dafa shayi da shi.

Daina kallona haka. Eh, ni ce malamar, kuma har yau in na tuna bakin yarinyar nan a jikin moɗa, gabana faɗuwa yake. Saboda haka in ka shiga kamfanin nan, kafin ka auna rijiyar kowa, ka tambayi ruwan da kuke saita na'urarku da shi, kuma in mai awon gero ya yi magana ka buɗe kunne. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.