Tulunan Rwagasana

Tulun farko ya fashe kafin kowa ya lura Gakwandi ya shigo tsakar gidan. Sai da na biyu ya tarwatse, giyar ayaba ta malala ƙarƙashin bencinan baƙi, sannan mata suka kurma ihu.

Ranar ce dangin ango za su zo neman auren Uwizeye, autar tsoho Rwagasana. Tun makon jiya tsohon yake fama. Shi ya binne ayabar a rami har ta nuna, ya sa aka tattake ta da ciyawa cikin kwamin katako, aka tsarma ta da ruwan da aka ɗebo a jarkokin aro na gonar kofi, aka zuba soyayyiyar dawa. Yanzu ga giyar ayabar, wato urwagwa, nan cikin tuluna, an jere su a inuwa an rufe da ganyen ayaba, ga kuma babbar randar ikigage, giyar dawa, a gefe. Ba a buɗe wa kowa ba. Sai baƙi sun zauna, mai gida ya sa karan zuƙa ya fara kurɓa, sannan saura su sha.

Kowa a ƙauyen ya san abin da ke tsakanin mutanen biyu. Gakwandi ne mai shagon giyar kwalba a bakin titi, mai firji da talabijin. Ya so a ba shi bikin ya cika shi da kiret-kiret, Rwagasana ya hana shi a gaban jama'a.

"'Yata ba za ta tafi gidan miji da ruwan kamfani ba," in ji tsohon.

Gakwandi ya yi dariya ya ce, "To Baba, ku sha ruwan wankin ƙafarku lafiya. Ma ga yadda bikin zai ƙare."

Ga shi yanzu da taɓarya a hannu, rigarsa sharkaf da gumi duk da sanyin safiya. Yana tangaɗi, yawu na zuba a haɓarsa. Ya ɗaga taɓaryar ya sauke kan tulu na gaba.

Karangwa, babban ɗan gidan, ɗan acaɓa mai ƙirar ƙarfi, shi ya fara isa gare shi. Ya shaƙo wuyan rigarsa ta baya ya maka shi da ƙasa.

"Kai ɗan iska! A bikin ƙanwata?"

Gakwandi ya buɗe baki. Wani gurnani ne ya fito, kamar na ragon da aka danne wa maƙogwaro. Ya nuna tulunan da yatsa.

"Ku ji shi, ko magana ba ya iya yi," wani ya ce. "Ya yi tatul da kayan shagonsa ya zo ya huce a kanmu!"

Naushin Karangwa ya same shi a baki, haƙori ya yi tsalle cikin taɓo. Samari suka rufar masa. Wani ya ɓalle ƙafar benci, Karangwa ya zaro itace daga murhu. Gakwandi bai kare fuskarsa ba, bai kuma kai wa kowa hannu ba. Da ya sami 'yar kafa sai ya zille ta tsakanin ƙafafunsu, ya rarumi dutsen murhu ya jefa. Dutsen ya wuce gefen kan Rwagasana ya fasa wani tulun.

"Zai kashe Baba!"

Daga nan babu mai iya riƙe kowa. Aka sauke masa ƙafar benci a gadon baya, aka ji ƙashi ya yi ƙara. Aka taka hannun da ya ɗauki dutsen har yatsun suka lanƙwashe. Rwagasana da kansa, wanda rabonsa da dukan mutum tun yana saurayi, ya ɗaga sandarsa ya tsula masa a ƙeya, yana haki, yana cewa, "Me na yi maka, ɗan nan? Me na yi maka?"

Randar ikigage kaɗai ta rage. Gakwandi ya ja ciki ya nufe ta, jini na bin sawunsa, duka na sauka a kansa. Da ya isa sai ya rungume ta da hannun da bai karye ba, ya tattara abin da ya rage masa na ƙarfi, ya kifa ta a kansa. Giyar ta wanke shi daga kai har ƙugu. Ya yi ta shure-shure na ɗan lokaci, sannan ya daina.

Karangwa ya yar da itacen hannunsa ya zauna a ƙasa. Aka tura wani a babur ya tare dangin ango a hanya, wani kuma ya tafi kiran 'yan sanda. Aka rufe gawar da tabarma. Mutane suka koma bakin darni suna ƙus-ƙus, suna cewa hassada ce ta kai shi, babu wanda ya damu ya kori awaki da kajin da suka shigo suna lasar abin da ya kwanta a ƙasa.

Maman Karangwa, matar Rwagasana, tana can uwar ɗaki tun da aka fara, ta danne amarya don kada ta fito ta gani. Sai da rana ta take ta iya sako ƙafa waje. Ta tarar da mijinta tsaye, sanda ta faɗi daga hannunsa, yana kallon ƙasa.

Awaki biyu na kwance kusa da fasassun tulunan, kumfa na fita daga bakinsu, ƙafafunsu na harbin iska. Kajin sun riga sun sandare. Da rana ta gasa taɓon, wani wari ya taso daga ƙarƙashin ƙamshin ayabar, irin na maganin feshin ƙwarin da ake zubawa a jarkokin gonar kofi.

Matar ta dubi awakin, ta dubi tabarmar, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni, Baban Karangwa! Da sassafe Gakwandi ya zagayo ta bayan gida ya ce, 'Mama, ki ɗan sam mini giyar nan in tuna da ta mahaifiyata, amma kada ki faɗa wa kowa.' Ni na cika masa ƙwarya. Duk gidan nan shi kaɗai ya sha."