Sandar Inna

"Inna, ina sandarki?"

Inna ta yar da tsintsiya, ta jawo sandar da ƙafa. Mako uku ke nan 'yarta Malama, mai shekara hamsin da takwas, tana lallaɓa ta kamar ƙwai. Tare suka je gwajin ƙashi, aka ba su takarda biyu. A mota Malama ta buɗe ɗaya, ta ɗauka ta Inna ce, ta yi salati: ƙashi ya zaizaye, faɗuwa ɗaya sai karayar ƙugu.

Aka naɗe kafet, aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, aka hana Inna ko ɗaga bokiti. Ita kuwa ta miƙe ƙafa, jikoki na yi mata tausa safe da yamma.

Yau ƙwan fitilar kicin ya mutu. Malama ta tattare zani, ta haye kujera.

"Sauko," in ji Inna.

"Ke dai zauna, ƙashinki ya zama biskit."

"Na ce sauko. Ɗauko takardar nan, da tabarau ɗin da kike ɓoyewa a jaka don kada a ce kin tsufa."

Malama ta sa tabarau. A can sama, cikin ƙananan rubutu, sunanta ne ɓaro-ɓaro, ba na Inna ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun a mota. Ni ai da tabarau na tafi. Tausar ce ta yi mini daɗi."

Inna ta miƙa mata sandar, ta karɓe ƙwan fitilar.

"Riƙe mini kujerar, tsohuwa."