Mai Kan Giwa a Ɗakin Katung

Da Katung ya dawo gidansu na can ƙasar Turawa, kusa da kogin Potomac, ya tarar an sare bishiyar ƙofar gida. Karen maƙwabta ya mutu. Mahaifiyarsa, Mama Dorkas, ta bar aikin asibiti, furfura ta cinye mata gaban kai. Ɗakin Katung kuwa an ba wani tsohon Ba'indiye, Baba Sundaram, wanda ya koyar da lissafi a Kafanchan tare da marigayi baban Katung. A kan teburin da Katung yake karatu a da, wani gunkin katako ne zaune, mai kan giwa.

Shekarun da Katung ya yi a jiragen kamun kifi na Alaska ko kati bai aiko ba, don haka ba shi da bakin ƙorafi. Ya shimfiɗa katifa a falo, ya zuba ido.

Kullum da safe tsohon yakan kunna 'yar fitilar mai a gaban gunkin. Da yake hannunsa na rawa, Mama ce ke kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi, ta shafa mai, ta ja labule kada rana ta taɓa shi, ta cika kwanon ruwan da ke gindin hita, na'urar ɗumama ɗaki, don kada katakon ya bushe. Ta ce ita itace take gogewa, ba sujada take yi ba. Tsohon yana roƙo ne saboda wani yaro da ya ɓata, ita kuwa ba za ta hana mutum kukansa ba.

Tsohon ma ya so ya ja Katung a jiki. Da Hausarsa ta Kafanchan ya nuna masa manyan kunnuwan gunkin, na sauraron mai kuka, da hauren da ya karye, ya ce wannan shi ke buɗe wa matafiyi hanya. Katung ya ce a ransa, ɗan da ya gudu ya bar wannan surutun ya huta.

Ranar Lahadi Selina ta zumuntar mata ta tare shi a bakin coci. Ta ce mata sun daina zuwa addu'a gidansu saboda gunkin, ana ma maganar sauke Mama daga shugabanci. "Kai ne namijin gidan yanzu," in ji ta.

Sanyin Janairu ya taimake shi. Mama na cika kwanon, ya faki ido ya zubar, ya murɗe hitar har ƙarshe. Kafin wata ya fita, katakon ya tsage daga ka har tumbi.

Tsohon bai tuhumi kowa ba. Ya ce a wajensu in gunki ya tsage ba a ƙara yi masa bauta, kogi ake miƙa wa. Ƙafarsa ba za ta iya gangaren Potomac ba, sai Katung ne ya sauka da gunkin, naɗe a farin ƙyalle, ya fasa ƙanƙarar bakin ruwa ya sake shi. Da ya hauro, tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba komai. Ya gama aikinsa."

Matan zumunta suka dawo. Amma kowace safiya tsohon yakan zauna gaban teburin da babu komai a kai, da ashana a hannu. Katung ya kasa wucewa ta ƙofar ɗakin. Ya jawo jakarsa.

Mama ta same shi yana cusa rigunan sanyi. Ba ta roƙe shi ya zauna ba, ta dai karɓi ɗaya tana ninkewa.

"Mama, ki ba ni sunan ɗan nasa. Tunda ni mai yawo ne, ko Allah zai haɗa mu."

"Wane ɗa?" Ta ɗago ta dube shi. "Baba bai taɓa aure ba. Shekarar da muka daina jin ɗuriyarka ya sa aka aiko masa da gunkin daga Madras, can ƙasarsu, saboda kai."