Takardar da Na Liƙa a Tagar Banɗaki

Ina jin shekarata bakwai, ko takwas, lokacin da Baba ya gina banɗakin siminti a gidanmu na Kankiya. Tagarsa na kallon hanyar rijiya, sai Inna ta ce in rufe ta kafin la'asar. Na zaro wata takarda daga ƙarƙashin buzun Baba, na shafa mata ƙullun koko, na liƙa.

Har yau ina jin tsamin ƙullun nan, domin bai bushe ba Baba ya leƙa. Ya daɗe tsaye.

"Wa ya liƙa wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Kin duba bayanta?"

Ban duba ba. Rana ta hasko ta, sai ga Bisimilla ta bayyana, a cikin banɗaki.

Na jira bulala, shi kuwa ruwa ya ce in kawo. Ya riƙa jiƙa gefen takardar yana ɓamɓarowa a hankali, kada harafi ɗaya ya yage ya faɗi ƙasa. Da ta fita lafiya ya ce, "Karɓo tsohon zanen Innarki mu rataya."

Har yanzu a ofis ba na yar da takarda sai na juya ta, wani lokaci sau biyu.