Kumatun Hajiya Siddiƙa

Haulatu ta tsinci takardar ne a aljihun jakar tafiya, bayan ta riga ta tsoma jakar a ruwan wanki. Kwana biyu ke nan da dawowar surukanta, Alhaji Badaru da Hajiya Siddiƙa, daga Abuja. An ce wa mutanen gida ganin likita suka je, ba a dai faɗi ciwon ba.

Turancin takardar ya fi ƙarfin Haulatu, don a aji biyu na sakandare ta tsaya. Wajen sunan kuwa ruwa ya cinye shi. Sai dai akwai zane: fuskar mutum, da kibiyoyi biyu da suka taso daga muƙamuƙi suka nufi kunne.

Ta kai wa Firdausi, ƙanwar mijinta mai karatun aikin jinya. Firdausi ta karanta, ta dafe ƙirji.

"Matar Yaya, kin san mene ne wannan? Aikin ɗage kumatu ne fa. In tsufa ya sa sun saki sun zubo, sai likita ya tsaga wajen kunne, ya ja su sama, ya ɗinke. Oh ni Firdausi, Hajiyarmu!"

Haulatu ta roƙe ta ta yi shiru. Firdausi ta yi alkawari, kuma ƙawarta ɗaya tak ta gaya wa. Kafin la'asar ɗin washegari labari ya zaga Daura, har ya kai Sandamu wajen dangin Hajiya.

Mata suka fara zuwa sannu da hanya, wasu a karo na uku. Su zauna, su sha ruwa, idonsu na kan fuskar Hajiya. Iya Maijidda, ƙawarta ta Islamiyya, ita ce ta kasa haƙuri.

"Hajiya, ruwan Abuja ya karɓe ki. Wallahi kamar a sake kai ki ɗaki."

Hajiya ta toshe baki da gefen mayafi, ta tashi ta shige uwar ɗaki, kafaɗunta na rawa. Haulatu da ke kwashe kofuna ta bi ta da kallo. A ranta ta ce, ita ce ta sa baiwar Allah kuka.

Kuma gaskiya kumatun sun tashi. Haulatu ta lura sun fi tashi da safe, in Hajiya ta fito daga sashen Alhaji, sun yi tantsan har idanunta na ƙanƙancewa. Ta ce a ranta, kumburin ɗinki ne.

Shi ma Alhaji da alama abin bai yi masa daɗi ba. Wata takwas da auren Haulatu, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi fuskarsa ba. Takalmansa ta sani, da gyaran muryarsa. To yanzu gyaran muryar ma ya ragu. In ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya amsa ta hanci. Ya daina taɓa tuwo, ya daina aikawa a sayo masa balangu, sai kunu kawai. Mainasara wanzami ya zo ranar Juma'a kamar kullum, aka sallame shi tun daga zaure. Hoton ranar da aka naɗa Alhaji mai unguwa, wanda ya yi wata uku a bangon falo, an sauke shi an kifa bayan kujera. In ya fita kuwa, rawani ne da amawali har hanci, a wannan zafin. Mutanen zaure suka ce sarauta ta fara shigarsa. Haulatu ta san kunya ce ta hana shi buɗe fuska, kuma ita ta jawo.

Ranar Lahadi maganar ta kai Islamiyya, inda Hajiya ke shugabantar ajin manyan mata shekara goma sha ɗaya. Aka ce mai jikoki tara da ta je aka ja mata fata, da wane baki za ta yi wa wasu nasiha? Wasu suka ce a sake shugaba.

Haulatu ta kasa cin abincin rana. Matar nan ce ta koya mata tuƙa tuwon mutum ashirin ba tare da ta taɓa ɗaga mata murya ba. In mijinta Munzali ya ji daga ina maganar ta fito, ba ta san da idon da za ta dube shi ba.

Bayan la'asar ta shiga ɗakin Hajiya, ta durƙusa a bakin tabarma. Ta faɗi komai, tun daga jakar har Firdausi, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan zaninta.

Hajiya ta matso kusa da ita. Ta kamo hannun Haulatu ta ɗora a kumatunta.

"Ja, 'yar nan. Ja da kyau."

Haulatu ta ja a tsorace. Fata ta biyo hannunta, taushi kamar ƙullin alkaki. Hajiya ta zame kallabi ta juyo mata kunne ɗaya, ta juyo ɗayan. Babu ɗinki, ko ƙwarzane babu.

"To Hajiya... me ya ɗaga su?"

"Dariya, 'yar nan. Kwana bakwai ina riƙe ta, ta kusa kashe ni. Su Maijidda su yi ta faɗa, ni na ɗauka." Ta share ƙwalla da bakin mayafi. "Tashi ki dama wa Alhaji kunu mai ruwa-ruwa, ki sa masa tsinken shan lemo a ciki. Har yanzu bakin bai buɗuwa sosai, kuma sai jibi za mu koma Abuja a cire masa zaren ɗinkin kumatun."