Koren Fili a Gindin Ganuwa

Malam Jatau, zauna ka ji. Tun da aka kafa duniya ba a taɓa wulaƙanta mutum mai daraja kamar yadda aka yi a makon jiya ba. Da akwai adalci a ƙasar nan, da tuni an ƙafar da tafki guda, an rushe ganuwa, an ɗaure wani gajeren mutum. Amma bari in ba ka shi a misali, kada a ce na kama suna.

Wani mutum ne dogo, mai kwarjini, wanda in ya sa shadda har telan da ya ɗinka ta kan tsaya ya yaba wa kansa. Suka ɗunguma da abokansa zuwa kallon wata tsohuwar fada a bakin tafki, wadda aka gina tun zamanin kakannin kakanni. Wuri ne da zai mantar da kai yunwa. Ganuwar dutse ta miƙe sama, inuwarta kwance cikin ruwa, masunta na jefa taru, lambunan albasa da alkama sun kewaye gaɓa, ga balbelu fari fat a bayan shanu. Zuciyar mutumin nan ta dinga tsalle. Ya hango wani soro can ƙololuwa, ya ƙudura a ransa shi zai fara hawa, a ɗauke shi hoto iska na kaɗa masa riga, kafin taubashinsa, wani gajere mai bakin tsiya, ya riga shi. Sai ya tara jama'a, ya gyara murya, ya ce wurin nan yana da al'ada: baƙo sai ya tuɓe takalmi, ya shiga ta ƙofar gabas, ya zagaye kan ganuwa kaf, kuma duk wanda ya juya baya kafin ya gama, ƙafarsa za ta shanye. Kowa ya tuɓe takalmi jiki na rawa. Shi kuwa ya ce zai ɗan kama ruwa, su yi gaba.

Suna shan kwana ya tattare riga ya sheƙa zuwa wani giɓi da ya gani a jikin ganuwa, daidai ƙarƙashin soron. Tsakaninsa da giɓin wani fili ne kore shar, shimfiɗe kamar darduma. Ɗoki bai bar shi ya tambayi kansa ba me ya sa, ana tsakiyar rani, awakin da ke kiwo a gefe ko kallon wannan ciyawa ba sa yi. Ashe kainuwa ce ta rufe ruwa. Maginan zamanin da ne suka haƙa rami mai zurfi, suka janyo ruwan tafki ya kewaye fadar don maganin mahara, kuma ramin har yau yana bakin aikinsa. Yana ɗora ƙafa sai ga shi tsundum har wuya. Laka ta riƙe ƙafafu, hula ta kama gabanta, kwaɗi suka watse. Ya yi ta kururuwa har kawuna suka leƙo daga saman ganuwa. Taubashin ya saita waya a nitse, ya ce, "Sannu, bawana. Da mun dawo mun cire ka, to al'ada ta hana juyawa. Ka taya mu da addu'a, mun kusa rabi." Haka suka ci gaba da zagaye, ba takalmi, dutse ya ɗau zafi, kowa na taku kamar mai tafiya kan ƙwai. Sai da suka gama tsaf sannan suka aro gora wurin masunta suka jawo shi, ganye a ka, ganye a gemu. Hoto kam ya samu, don kafin su iso gida ya shiga kowace waya a unguwa.

Na ga kana danne dariya, ashe kai ma ya iso gare ka. To, ni ne. Al'adar ma ni na ƙaga ta, tun a cikin mota nake sassaƙa ta, kuma ka yarda ta yi kyau, tunda har limaminmu ya tuɓe takalmi. Hausawa dai sun riga sun faɗa: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.