Kujera Mai Ɗaurin Waya

Ƙafar kujerar ta baya a ɗaure take da waya. Lyimo ya duba ta sau biyu kafin ya yarda ya ɗora wandonsa a kai. Bai gaida tsohuwar mai gidan ba. Daga Dar es Salaam aka turo shi ya auna zaman masu ciwon suga a ƙauyukan Rungwe, kuma a ganinsa mai awo ya wuce gaisuwa.

Ƙungiyar da ta aiko shi ta yi alkawarin babur da zai riƙa kai magani har gida duk wata, amma ga mutum ɗaya tak a kowane ƙauye, wanda makinsa ya fi na kowa ƙasa. A wannan ƙauyen masu ciwon uku ne.

Ta farko ita ce Bibi Tusajigwe. Idonta ya dushe, ga gyambo a dunduniya da ya ƙi warkewa, kuma tafiyar awa uku ce tsakaninta da ɗakin shan magani. Watan da ƙafar ta hana ta fita, watan nan babu allura. Ta fara yi masa bayani, ya ɗaga mata hannu.

"Kaka, ni ba tambaya na zo yi ba, dubawa nake. Duk wanda na tambaya cewa yake ba shi da komai."

Ya kuwa duba. Kujeru biyu, ya danna maki a na'urarsa. Rediyo da aka naɗe wa jan ƙyalle, maki. Filas cike da shayi mai madara, ya rubuta cewa abinci wadatacce ne. Keke jingine da bango, ya rubuta tana da abin hawa. Matar da ba ta ganin bakin ƙofarta! Mata uku na tsaye a waje suna haki suna share gumi, su kuma ya sa su a layin masu kula da ita.

Da ya tashi, matan suka ce hanyar cikin gonakin ayaba laka ce, za ta ɓata masa takalmi, ya bi ta mota. Ya bi, ya yi zagayen minti ashirin.

A gidan Gwamaka, mai tsinkar ganyen shayi, ya tarar da kujeru biyu, rediyo, filas da keke. Da ya ga waya a ƙafar kujera da jan ƙyalle a rediyo sai ya yi dariya, ya ce ashe kafinta ɗaya ke cutar garin duka, kuma duk tunaninsu ɗaya ne. Ya shanye shayinsa ya rubuta: ƙauye mai rufin asiri.

Wannan karon bai saurari kowa ba. Direban da ya kawo shi ƙauyen na jiransa, don haka ya ratsa cikin ayaba, cikin minti biyar ya isa gidan na uku.

Mzee Mwakalinga, tsoho mai gilashi da riga a goge, ya tarbe shi a ɗakin da babu komai sai tabarma. A daɓen ƙasa akwai ƙananan ramuka huɗu huɗu, a kan kantar jikin bango kuma wani wuri fes a tsakiyar ƙura. Lyimo bai ga wannan ba, don babu layinsa a fom.

"Ɗana, tsaya. Kafin ka rubuta akwai abin da ya kamata ka sani."

"Baba, kai ba sai ka yi roƙo ba. Ɗakinka ya yi maka."

Ya danna sifili sau biyar, a tsaye, ya fita.

Bayan wata biyu babur ya tsaya a ƙofar Mzee Mwakalinga. Tsohon ya nuna wa mai babur gidan Bibi Tusajigwe, shi kuwa ya ce sunan da ke takarda yake bi. Ko an ba ta maganin tsohon ma ba zai yi ba, shi ƙwaya yake sha, ita allura ake mata. A watan nan ƙafarta ta kumbura har idon sawu.

Tsohon ya rubuta wa ƙungiyar wasiƙa, ya nemi a cire sunansa a sa nata, a kuma turo wanda ya iya tambaya. Shiru. Ya sake rubutawa. A ta uku aka amsa masa da layi biyu, wai jami'insu ya gani da idonsa, kuma ya kamata mabuƙaci ya koyi godiya. Ya ja layi a ƙarƙashin kurakurai uku da ke cikin amsar, ya ajiye ta.

A ƙauyen nan ba a zaunar da baƙo a ƙasa, ko da baƙon bai iya gaisuwa ba. Mzee Mwakalinga, tsohon hedimasta mai fansho, ya kashe rediyonsa mai jan ƙyalle, ya janyo kujerarsa mai ɗaurin waya ya fara wasiƙa ta huɗu, yana lissafa kayansa da matan gari suka wuni suna gudu da su gida gida ta cikin ayaba ranar awo.